Kakanka ɗan wane lardi ne? Rikicin iyakokin da ga mai neman asalin gidansu

Abin da ya jefa ni cikin wannan harkar wani ɗan guntun rasit ne na haraji da muka tsinta a ƙasan adakar kakarmu bayan ta rasu, duk ya yi ja, gefensa asu ya cinye, amma sunan kakan babanmu na nan a jiki da hatimin En'e ta Kano, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa. To mu a saninmu 'yan Jigawa ne, haka takardar shaidar asalinmu ta ce. Sai na ɗauki rasit na nufi sakatariyar ƙaramar hukumarmu da tunanin ai can zan tarar da littafin da aka yago shi. Mutanen sun karɓe ni hannu bibbiyu wallahi, sai dai mafi tsufan takardar da ke ofis ɗin ba ta kai shekarun babana ba. Wani dattijon masinja da ke zaune a benci yana jin mu ne ya ce min, yaro ai lokacin da kake magana a kai Kano ake kai kuɗin nan, can za ka bi sawu.

Maganar dattijon nan ita ce gaba ɗaya ilimin, sauran duk ƙarin bayani ne. Takarda tana bin ofishin da yake da iko da garin a ranar da aka rubuta ta, ba ruwanta da taswirar da ke rataye a bangon makaranta yau. Garin bai motsa ba, rijiyar na nan, kukar bakin kasuwa na nan, amma hukumar da ke kansa ta canza sau biyar ko shida a cikin shekara ɗari, kuma kowace hukuma da ta tashi ta tafi da fayilolinta ko ta bar su inda ba ka zato. Ko a Ingila masu bin salsala da wannan suke fama, tunda an sake yanka musu yankuna a 1974 har wasu tsofaffin sunaye suka ɓace daga taswira. Sai dai namu ya fi nasu cukurkuɗewa, don mu iyakoki hawa-hawa gare mu, kuma ba tare suke motsi ba.

Ga yadda tsanin yake a zamanin Turawa da Jamhuriya ta farko. Mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin sarki wanda shi ne kan En'e, mai baitulmalinta da alƙalanta da 'yan dokanta da gidan yarinta. A gefen Turawa kuma akwai Di'o mai kula da dibishin, wanda wani lokaci masarauta ɗaya ce wani lokaci biyu ko uku aka haɗa masa, sama da shi Razdan mai lardi, sama da Razdan sai Kaduna. Ana iya ɗauke ƙauye daga wannan dagacin a ba wancan ba tare da iyakar gunduma ta taɓu ba, ana iya raba gunduma biyu masarauta na nan yadda take, ana kuma iya ɗauke masarauta sukutum a kai ta wani lardi alhali ba manomin da ya ji a jikinsa. Saboda haka in ka ce ina neman iyakar da, dole a tambaye ka iyakar wane hawa, kuma a wace shekara.

Kafin zuwan Turawa ma ita gunduma a yadda muka san ta yanzu, wato dunƙulalliyar ƙasa da hakimi ke zaune a tsakiyarta, babu ita a Kano. Hakimai a birni suke zaune kusa da fada, garuruwan da kowanne yake riƙe da su a warwatse suke, ɗaya a gabas ɗaya a kudu wani can kusa da iyakar Zazzau, jakadu ne ke yawo suna karɓo kuɗin ƙasa su kawo. Gari biyu da ke jin kiran sallar juna sai ka tarar kowanne da ubangidansa daban a birni. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 wannan tsarin ya dame su don ba ya zanuwa a takarda, shi ne wajen 1907 zuwa 1908 Razdan Cargill ya tattara garuruwa ya dunƙule su, aka tura hakimai su je su zauna a ƙasarsu, har Kanawa suka laƙaba masa suna Mai Gunduma. Ka ga ke nan wanda yake neman gundumar kakan kakansa a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi yana neman abin da ba a haifa ba ne tukuna. Tambayar da ta dace da wancan zamanin ita ce garin na wane basarake ne, jakadan wa ke zuwa.

Ko bayan an yi gundumomin, a aikace iyakar hakimi jerin sunayen dagatai ce da ke kawo masa haraji, layin da aka ja a taswira daga baya ya zo kuma sau da yawa Bature ne ya ja shi a kan doki da kamfas yana kintace. Shi ya sa ni a ganina wanda ya samu jerin ƙauyukan gunduma na wata shekara ya fi wanda ya samu taswira riba, nesa ba kusa ba.

Sai kuma tarkon suna. A Katsina tsofaffin fayiloli da yawa da sunan sarautar hakimi ake kiran gundumar, ba da sunan garin ba. Kana neman Malumfashi ka duba ka duba ba ka gani ba, ashe tana nan a matsayin gundumar Galadima. Rimi tana ƙarƙashin sunan Ƙaura, Mani ta Durɓi ce, Dutsin-Ma ta 'Yanɗaka. Bakatsine dattijo wannan ba sai an faɗa masa ba, amma yaron da ya tashi a Legas yana neman asalinsa a kwamfuta zai iya wuce fayil ɗin gidansu sau goma bai sani ba. A Kano ma sanin cewa Madaki ne a Dawakin Tofa, Makama a Wudil, Sarkin Bai a Ɗambatta yana taimakawa, sai dai a yi hattara don ba kowace sarauta ce ta zauna gari ɗaya ba, hakimai 'ya'yan sarki musamman ana yi musu canjin gunduma kamar yadda ake yi wa ma'aikaci taransifa, sarautarsu ta bi su.

Larduna kuwa shekarar da ya kamata kowa ya haddace ita ce 1926, don a nan aka yi babban garambawul. A shekarar aka kafa lardin Filato, aka haɗa Yola da babban ɓangaren Muri aka samu lardin Adamawa, lardin Nasarawa ya watse aka rarraba shi, Katagum ta bar lardin Kano ta koma lardin Bauchi, Katsina kuma aka cire ta daga lardin Kano aka kai ta lardin Zariya. Ba ta daɗe a can ba, a 1934 aka ba ta lardin kanta aka haɗa ta da Daura. Daga baya lissafin ya tsaya a larduna 12, sai a 1961 bayan ƙuri'ar raba gardama ta Arewacin Kamaru aka ƙara na 13, lardin Sardauna, su Mubi da Ganye da Mambila ke nan. Mutanen wannan yankin nasu aikin ma ya fi na kowa, don kafin yaƙin duniya na ɗaya Jamus ce ke mulkinsu, abin da aka rubuta a kansu a lokacin da Jamusanci yake.

Ɗauki Funtuwa ka bi ta da ƙafa ka ga. Tana cikin masarautar Katsina tun asali, wannan bai canza ba. Amma a 1920 lardin Kano take, a 1930 lardin Zariya, a 1940 lardin Katsina. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yi jihohi 12 ta faɗa jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 Murtala ya mai da jihohi 19 sunan ya koma jihar Kaduna, a 1987 Babangida ya cire jihar Katsina ta bi ta. Mutum ɗaya da aka haifa a Funtuwa a 1920 ya yi tsawon rai zai iya mutuwa a ɗakin da aka yanke masa cibiya alhali ya zauna a larduna uku da jihohi masu suna uku. Rahoton shekara-shekara da ya shafi garinsu yana warwatse a tarin fayiloli daban-daban, in ka tsaya a na Katsina kaɗai ka bar shekaru masu yawa a baya. Azare ma haka, lardin Kano, lardin Bauchi, jihar Arewa maso Gabas, jihar Bauchi. Borgu ta fi ban mamaki, tana lardin Ilori, ta shiga jihar Kwara, sai a 1991 aka ɗauke ta aka ba jihar Neja.

Jihohin 1991 da na 1996 su ne suka fi rikita 'yan zamaninmu don mun tashi mun gan su kamar tun fil azal suke. Jigawa, Kebbi, Yobe, Taraba duk na 1991 ne, Zamfara da Gombe da Nasarawa na 1996. Bazamfare da ke neman takardar shekarun 1950 Sakkwato zai dosa, don Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara duk gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato a lokacin. Jigawa kuma gida biyu ce a wannan fannin, abin da ni kaina ban gane ba sai da na sha wuya. Haɗejiya da Gumel da Kazaure masarautu ne masu En'e ɗinsu tun da can, suna cikin lardin Kano amma ba sa ƙarƙashin Sarkin Kano. Su kuwa Dutse da Ringim da Birnin Kudu da Jahun da Gwaram hakiman Sarkin Kano ne ke riƙe da su, masarautun Dutse da Ringim na yanzu daga baya aka yanke su. To ƙauyenmu a wannan ɓangaren na biyu yake, shi ya sa hatimin ya ce Kano. Da a ƙasar Haɗejiya muke da hatimin daban zai nuna duk da lardi ɗaya ne.

Ƙananan hukumomi ban ma son na tsaya a kansu da yawa. Gyaran 1976 ne ya kawo su a matsayin da muka sani, aka fara da 301 a ƙasar baki ɗaya, aka yi ta ƙari har suka kai 774, Kano kaɗai 44, Katsina 34, Jigawa 27. Yawancinsu an bi tsofaffin gundumomi ne wajen yanka su, wani wuri gunduma biyu aka haɗa wani wuri ɗaya aka tsaga, don haka suna iya ba ka haske amma kar ka rantse a kansu. Iyakar masarauta ma yanzu ta zama abin siyasa, kowa ya ga yadda aka raba ta Kano a 2019 aka fitar da Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye sannan aka soke dokar a 2024, jikokinmu da za su bi takardun naɗin dagatai na waɗannan shekaru biyar Allah ya ba su haƙuri.

Akwai kuma yadda Bature ya ji suna ya rubuta. Tsafe a fayil za ka gan ta Chafe, Kwatarkwashi ta zama Kotorkoshi, Haɗejiya wani lokaci Hadeija, Katsina a tsofaffin takardu Katsena, Borno kuwa Bornu. Ƙananan ƙauyuka abin ya fi muni don kowane sabon Di'o da irin kunnensa, gari ɗaya sai ya fito da rubutu uku. Ga sunaye masu maimaituwa, Tudun Wada nawa ne a Arewa, Sabon Gari nawa, Nasarawa nawa, Unguwar Rimi fa? In ba ka haɗa sunan da na dagaci da na hakimi ba za ka ɗauki kakan wasu ka rungume. Babban misalin da ke kama mutane shi ne Abuja. Duk takardar da ta ce Abuja kafin 1976 Suleja ta yau take nufi, masarautar da ke lardin Neja, ita ta ba da sunanta ga sabon babban birni ta ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Wani garin ma ba suna ya canza ba, tashinsa aka yi, tsohuwar Bussa tana ƙarƙashin ruwan Kainji tun 1968, madatsun Tiga da Bakolori su ma sun tashi ƙauyuka, ga waɗanda fari ko annoba ta watsa suka bar kufai, sai sunan ya bi mutanen zuwa sabon wuri mai nisan tafiyar yini.

To ina za a duba? Wuri na farko gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. An jera fayilolin ne bisa ofishin da ya tara su, na ofishin Razdan na Kano ana kiransu Kanoprof, na Katsina Katprof, na Sakkwato Sokprof, na Zariya Zarprof, na babbar sakatariyar Arewa kuma SNP. Ka ga dalilin da ya sa sai ka san lardin kafin ka shiga, in ba haka ba ba ka ma san kundin da za ka ce a miƙo maka ba. Abin da ya fi daraja a ciki ga mai neman asali shi ne rahoton kimanta haraji na gunduma, wanda ake tura ƙaramin Bature ya zaga gari-gari ya ƙirga mutane da gonaki da shanu da masu sana'a, ya rubuta tarihin garin yadda dattawa suka ba shi, ya jera dagatai da ƙauyukan da ke ƙarƙashin kowanne, sau da yawa har da 'yar taswirar hannu a baya. Ana sake irin wannan zagayen bayan wasu shekaru, in ka samu biyu na gunduma ɗaya ka ajiye su gefe da gefe nan take za ka ga ƙauyen da ya shigo da wanda ya fita. Sai littafin gunduma da ake ajiyewa ana ƙara bayani duk lokacin da aka naɗa ko aka tuɓe wani, da fayilolin rikicin iyaka, waɗanda ni su na fi so don a nan ne ake kiran tsofaffi su ba da shaida, wane ya sari dajin, wa ya haƙa rijiyar, gonar wa ce ta ƙare a bakin rafin, sunayen talakawa na fitowa a nan fiye da ko'ina.

Bayan nan akwai Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da hukumar tarihi da al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da ta Katsina. Akwai kundayen bayanin larduna da Razdan-Razdan suka rubuta wajen 1920 da 1921 aka sake buga su a 1972, suna da amfani sosai amma ka tuna yawancinsu hoton kafin garambawul ɗin 1926 suke nunawa. Ƙidayar 1952 an buga sakamakonta lardi-lardi da gundumomi, babu sunan mutum a ciki, amma tana nuna maka wace ƙasa ke ƙarƙashin wa a lokacin. Kar kuma a raina kundayen digiri na ɗaliban tarihi a Zariya da Bayero da Sakkwato, kusan kowace tsohuwar gunduma akwai ɗan garin da ya taɓa rubutu a kanta, kuma ya riga ya yi maka wahalar nemo lambobin fayil. Gaskiya dai kar mutum ya sa rai da yawa a kan rajistar haraji mai sunan kowane magidanci, irin wadda aka yago rasit ɗinmu daga ciki, waɗannan a hannun malaman hakimi da na dagaci suke zama, kuma tunda gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979 ba wanda ya ga dalilin adana su, gara da ɗigar ruwa suka gama da mafi yawa. Wanda ya tsira sau da yawa a soron gidan dagaci yake cikin buhu.

Wanda kuma danginsa suka ratsa iyakar Nijar aikinsa ninki biyu ne. Iyakar nan sau da yawa Ingila da Faransa suna zama a kanta, 1890, 1898, 1904, 1906, kafin a bi ta a kafa duwatsu tsakanin 1906 da 1908, kuma a tsakanin waɗannan shekarun akwai garuruwan da suka kwana a wannan ɓangaren suka tashi a wancan. A can tsarin Faransa ne, kwamandan da ke kan sarkal, wato kwatankwacin dibishin, ƙarƙashinsa sarakunan kanto, wato kwatankwacin gunduma, rubutun sunaye kuma da kunnen Bafaranshe, Tasawa ta koma Tessaoua, Madawa Madaoua, Tawa Tahoua, Damagaram kuma Zinder, wadda ita ce hedikwatar ƙasar kafin a mai da ita Yamai a 1926. Takardun suna Yamai, wasu suna Dakar don can ce hedikwatar Afirka ta Yamma ta Faransa, wasu suna Faransa kanta. Ita ma Maraɗi ta yanzu ba a inda tsohuwar take ba, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau da garin kan tudu daga cikin fadama. Mutanen bakin iyaka kuma sun iya wasan, in harajin Faransa ko aikin tilas ya yi zafi sai a tsallako, in ya lafa a koma, don haka kar ka yi mamaki in ka ga sunan kakanka a ɓangare biyu.

Duk wannan kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Kaduna, fara da tsofaffin gida, amma ka iya tambaya. In ka ce Baba a wace ƙaramar hukuma aka haifi kakanmu ba abin da za ka samu. Ce masa wa ke karɓar harajinku, wane dagaci, ina ake kai kuɗin in an tara, wane hakimi ne a kan gado lokacin da aka yi kaza, gaban wane alƙali aka raba gadon gidan nan, in an kama mutum ina ake kai shi. Tsohon da ba ya iya tuna shekarar haihuwarsa zai faɗa maka sunan hakimin da laƙabinsa da launin dokinsa, kai kuma daga sunan hakimi za ka fitar da shekarun, daga shekarun ka fitar da lardin.

Ni da na koma na yi wa ƙanin kakanmu irin wannan tambayar sai ga wata sabuwa, wai ai ƙauyenmu ba a ƙarƙashin dagacin da muka sani yake ba a lokacin, wani dagaci ne na hayin rafi ke karɓar kuɗinsu, an ɗauke su ne bayan wata rigima a kan fadama da shi kansa yana yaro aka yi ta. Wancan dagacin kuwa a wata gunduma yake, ba tamu ta yanzu ba. Watanni na yi ina bin fayilolin gundumar da ba ita ba. Yanzu dai na samu sunan wancan hakimin da kimanin shekarun da ya yi, saura in samu hutu in koma Kaduna in nemi a fito min da rahoton kimanta harajin ƙasarsa, rasit ɗin kuma na sa shi a leda na ɓoye don ƙannena sun fara yawo da shi suna ɗaukar hoto.